Mai Tarar Numfashin Malam

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da maiɗakinka, da jaririyar da aka ce ta kwaso tsawonka tun tana zanin goyo. In ka manta ni, ni ce Gwaggonka Hedimistires, wadda kakanka da mahaifina suke uwa ɗaya uba ɗaya. Rabona da kai tun zuwan da kuka yi da babanka ka ɓalle mana hannun firji. Har yau da igiya muke jan ƙofarsa, don haka ba ka isa ka ce ba ka san mu ba.

Mu dai da sauƙi. Na san labarin shanyewar ɓarin jikin maigidana Malam ya iso maka. Ƙafar ta fara takawa da sanda, hannun dama kuwa yana nan kwance a cinya kamar ba nasa ba. Maganar ce ta fi ba mu wahala. Kalmar tana nan a kansa, kana ganinta a idonsa, amma kafin ta fito sai ya haɗa gumi. Allah ya sa ni tsohuwar malamar aji ce, yaro na buɗe baki na san inda ya dosa, to shi ma da ya fara nake gane abin da yake so in miƙa masa.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ka san Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wasan kwaikwayo na rediyo. Akwai wanda ciwon ya tsayar, labarin wa da ƙani da suka gaji motar ɗaukar kaya guda, suka yi rigima a kanta har suka daina gaisawa. Kashin ƙarshe kawai ya rage. Likita ta ce a maida shi ga abin da yake so, domin jikin yana warkewa amma mutumin yana dusashewa. Gaskiyarta. Ya daina tambayar rediyo, wuni yake yi fuskarsa na kallon bango. Dogo, tsoro nake ji in rasa shi alhali yana zaune a gabana.

Ɗiyarmu ta bar mana kwamfutarta ta cinya da za ta koma gidanta. Rannan na gan shi yana shafa madannan da ɗan yatsan hagu. An ce mini kai rubutu ne sana'arka, kuma ka san kan manhajojin nan. Wacce za mu sa masa? Ka yi mini bayani irin na ɗan aji ɗaya, ba na jin kunyar tambaya.

Ka gaida mutanen gidan.
Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarki, mun yi murna ƙwarai. Duk muna lafiya, jaririya haƙori take yi, ta hana kowa sakat. Allah ya ƙara wa Baba Malam sauƙi. Maganar firji kuwa, na ɗauka tuni an yafe mini.

Gwaggo, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Aikina a kamfaninmu shi ne rubuta ɗan littafin da ake sakawa cikin kwalin injin ban ruwa da janareto, wanda ba mai karantawa sai inji ya ƙi tashi. Saboda haka na jarraba manhajoji da yawa, kuma na lura kowacce da irin aikin da ta fi iyawa.

Akwai ta ofis, wadda kowa ya sani. Ita ce ta wasiƙa da rahoto, tana tsara shafi tsaf a kai wa firinta. Sai dai samanta cike yake da maɓallai, kuma wasan kwaikwayo mai tsawo yakan zame mata doguwar igiya, kana neman fitowa ta uku sai ka yi ta gangarawa. Akwai wadda muke aiki da ita a teburinmu, mutum da yawa su shiga shafi ɗaya ta intanet su yi rubutu tare. Tana da daɗi ga aikin taro, amma Baba Malam ba taro zai yi ba. Akwai mai sauraron murya ta rubuta abin da aka faɗa, wannan kin ga ba tamu ba ce yanzu. Akwai kuma ta masu littafi, mai aljihuna, kowane babi da gurbinsa.

Wadda na zaɓar masa ita ce sabuwar da nake yayi. Mutum yana buga haruffa biyu ko uku, sai ta nuna sauran jimlar da launin toka a gaba. In ya yarda ya taɓa maɓalli ɗaya, shi ke nan jimla ta zauna. Ni shafin da nake wuni a kansa a da, yanzu kafin shayina ya huce na gama. Ga mai yatsa ɗaya ban ga abin da ya kai ta ba. Na rubuta miki yadda za a sauke ta a bayan takardar nan, mataki-mataki, da manyan baƙaƙe.

Ki gaishe mini da shi da kyau.
Ɗanki Dogo

*

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan haƙorin ya fito an huta. A nan lafiya lau, Malam ya taka har bakin ƙofar falo ya dawo ba wanda ya riƙe shi.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Na bi bayaninka daki-daki, ban ɓata ba sai sau ɗaya. Na ɗora masa kwamfutar a kan teburin cin abinci, wanda dama can nan ne ofishinsa. Ba ka taɓa ganin yadda yake aiki ba. Kowace fitowa a guntuwar takardarta yake rubuta ta, ya shimfiɗa su a tebur, ya danne wannan da cokali, waccan da kofi, ya yi ta sauya musu wuri har sai labarin ya zauna. Mun sha cin abinci a tsaye saboda takardun nan.

Na buga masa kashin da ya gabata a ciki don abar ta san labarin, sannan na ja masa kujera. Ya daɗe yana neman harafi, ya buga sunan wan, ya buga kalma biyu. Sai ga sauran magana ta fito da kanta! Ni kam har salati na yi. Da na ga yana jinkiri sai na miƙa hannu na taɓa masa maɓallin. Haka muka yi ta yi, yana farawa tana ƙarasawa ina dannawa, kafin la'asar shafi ya cika. A shafin, wan ya je gidan ƙanen ya ba shi haƙuri, kalamai masu daɗi kamar a wa'azi. Malam ya tsura wa shafin ido, sai hawaye. Ni ma na taya shi. Rabon da a ga shafi cikakke a teburin nan tun kafin ciwon.

Ta ofis ɗin kuma na karɓe ta. Ni ce sakatariyar ƙungiyar mazauna layinmu, kuma wasiƙar da na rubuta kan kwatar da ta toshe ta fito da kyau har shugaban ƙungiya ya tambayi wanda ya buga mini.

Na gode, na gode.
Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙori biyu sun leƙo, kuma yatsana ne ya fara shaidawa.

Na karanta wa maiɗakina wasiƙarki a tsaye, ban ko cire takalmi ba. Shafi guda a rana ɗaya! In aka ɗore a haka ai kafin wata ya ƙare an kammala wasan. Ga ƙarin dabara: a gefen dama akwai ɗan hoton alƙalami. In kin taɓa shi, ba jimla kawai za ta ba shi ba, sakin layi guda za ta rubuta, shi nasa duba ne da amincewa. Ki gwada masa ki ba ni labari.

Dogo

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Mu lafiyarmu ƙalau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Wata ya wuce, wani ya kama hanya, ban ji daga gare ki ba. Na kira waya ta yi ta ringi. Da farko na ce aikin ne ya yi daɗi kuka manta da ɗan aike. Daga baya na fara tunanin ko na yi rashin ladabi, yaro da koya wa marubuci irin Baba Malam hanyar rubutu. In haka ne a yi mini afuwa.

Maiɗakina ta sake karanta wasiƙarki ita kaɗai, ta zo ta sa yatsa a kan layi ɗaya. Ta ce, "Gwaggo ta ce ya yi hawaye. A ina ta ce na murna ne?" Na ce ai a bayyane yake. Ta ce, "A wajenka." Tun daga nan na kasa sukuni. Don Allah ko layi biyu ne ki aiko.

Ɗanki Dogo

*

Ɗana Dogo,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da shirun. Ba ka yi laifin komai ba, kuma ka gaida mini maiɗakinka, ka ce mata ta fi ni da kai ido. Jikin Malam da sauƙi, amma mun ga kwanaki marasa daɗi, shi ya sa ko wayar ban iya ɗauka ba.

Washegarin ranar da wasiƙarka ta iso na buɗe masa kwamfutar, na taɓa alƙalamin da ka ce, sakin layi ya zubo. Ya sa hannun hagu ya rufe murfin a hankali, ya ture ta gefe. Na ce gajiya ce. Kashegari ma haka. Daga nan ya koma ɗaki ya juya wa duniya baya, har motsa jikin da yake yi da safe ya daina. Abinci sai na yi da gaske yake cin loma biyu. Na ce shi ke nan, na ja shi da hannuna na kai shi inda nake tsoro.

Ran nan da hantsi na kai masa tire. Ya dube ni ya ce, "Ina..." Na ce shayi? Ya girgiza kai. Na ce magani? Filo? A buɗe taga? Rediyo? Dogo, mutumin da tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai ya daki tiren nan, kofi ya yi gefe, cokali ya yi ƙarƙashin gado. Na tsaya baki buɗe. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa yana rawa, na ga kalmar tana tahowa, kuma wallahi saura kaɗan in faɗa masa ita. Tsoro ne kawai ya riƙe mini harshe. Can ya ce, "Ji... ra." Ya huta ya sake cewa, "Ki jira."

Na zauna a bakin gado, shayi yana bin zanena. Ya nuna falo inda kwamfutar take, ya nuna ni, ya haɗa yatsu biyu ya ce, "Ɗaya."

A ranar na ji sauran, kalma-kalma, har azahar ta yi. Ashe wan nan na cikin wasa ba zai taɓa ba da haƙuri da baki ba. Malam ya daɗe yana gina shi a kan haka, mutum ne da zai gwammace ya haɗiye harshensa. Abar ta ƙarasa masa da abin da yawancin mutane za su ce, ni kuma na danna. Hawayen na ganin sunansa ne a kan shafin da ba shi ya rubuta ba. Tun da ya kwanta kowa tarar numfashinsa yake yi, likita da 'ya'ya da 'yan dubiya, ni kuwa ni ce shugabar ƙungiyar. Shafin nan ne kaɗai ya sa rai zai bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, sai ga shi an zauna masa a can ma.

Na sa mata suna Uwar Katsalandan. Da na faɗa masa ya ɗaga gira ya dube ni, wato dai mu biyu ne.

Yanzu tambayata ɗaya ce. A duk tarin manhajojin nan naka, akwai wadda ta iya yin shiru?

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da na ji daga gare ki. Muna lafiya, maiɗakina tana amsawa, kuma tun da ta ji yabon nan ba a iya zama da ita.

Na auna Baba Malam da ma'aunin aikina ne. A littafin janareto in aka ce "kafin ka tayar," kowa ya san "duba mai" ne zai biyo, kuma gara a faɗe shi yadda aka saba. A can Uwar Katsalandan gwana ce, ba zan rabu da ita ba. Wasan kwaikwayo kuwa ana sauraronsa ne don a ji abin da ba a zata ba. Ban yi wannan tunanin ba sai yanzu.

Akwai mai shirun. Ban ambace ta ba da farko don na raina ta. Farin shafi ne kawai da ɗan siririn layi mai ƙyaftawa inda harafi zai sauka. Ba maɓallai a sama, ba jan layi a ƙarƙashin kalma, ba shawara. In mutum ya tsaya ita ma ta tsaya, ko zuwa gobe ne. Tana adana abin da aka rubuta da kanta, kuma ba ruwanta da intanet. Ki ƙara masa girman baƙaƙe. Sannan a saitin madannai akwai inda za ki hana harafi maimaita kansa in yatsa ya daɗe a kai, na zana miki hoton wurin a baya.

Abin da kika faɗa na cokali da kofi ya tsaya mini a rai. Mai aljihunan nan da na wuce ta da sauri tana da allo da ake baza fitowa-fitowa kamar katuna, a ja wannan gaba a maida wancan baya. Teburinsa ke nan. Amma kar a haɗa masa biyu yanzu. Ya rubuta a mai shiru tukuna, in fitowa ta taru sai a kwashe zuwa mai aljihuna ya jera abinsa. Wannan ma sai in shi ya ce yana so. Ki karanta masa wasiƙar nan, ki bar shi ya zaɓa.

Ɗanki Dogo

*

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Malam ya koma motsa jiki, jiya har ƙofar gida ya kai ya tsaya yana kallon masu wucewa.

Na karanta masa wasiƙarka, kuma na yi abin da ban saba ba, na yi shiru bayan na gama. Ya ce, "Mai shiru." Na sa masa ita. Ranar farko layi ɗaya ya rubuta, ya goge rabinsa. In ka ga yadda yatsan nan yake shawagi a kan madannai yana neman harafin da ni ina ganinsa ƙuru-ƙuru, za ka tausaya mini. Na koma saƙa. Na ɗauko zare da kwarashi na zauna a kujerar da ke bayansa inda ba na hango shafin, kuma jaririyarku ta kusa samun hula mai yawa fiye da kanta.

Mai aljihuna ma ya karɓe ta, amma da sharaɗi. Sai na buga masa kowace fitowa a firinta, ya baza a tebur da cokulansa, in ya gamsu da jerin sannan ya nuna mini in ja katunan su bi yadda ya tsara. Mun koma cin abinci a tsaye, kuma ban taɓa jin daɗin tsayuwa irin wannan ba.

Shekaranjiya da yamma ya juyo ya ce, "Ina so..." Harshena ya yi tsalle, ruwa na nan a bakina, da filo, da magani. Na cije. Na ƙirga idon saƙa. Mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa, ya yi nisa har na daina jin sa. Sannan Malam ya ce, "...ki karanta mini. Da murya." Ko shekara zan yi ina cankar abin da zai ce, ba zan kawo wannan ba. Na ajiye saƙar na karanta masa fitowar, ina yin muryar wan da ta ƙanen. Ya ce muryar wan tawa ta yi kama da ta hedimistires. Jimla ce cikakkiya, kuma tsokana ce, na je kicin na yi kukana na dawo.

Ban san da wane baki zan gode maka ba, Dogo. Zumuncin da muka bari ya yi ƙura, kai ka kakkaɓe shi. Allah ya raya maka zuri'a.

Gwaggonka

*

Dogo,

Salam. Ni ne Malam. Lafiya lau. A gaida iyali.

Wasa ya ƙare jiya. Wan bai ba da haƙuri ba. Ya je da sassafe ya wanke motar, ya ajiye makulli a kan tagar ƙanensa, ya tafi a ƙasa. Ƙanen ya biyo shi da motar, ya buɗe masa ƙofar direba, ya matsa gefe. Ba wanda ya yi magana. A rediyo ƙarar ƙofa kawai za a ji, sai inji.

Na gode da mai shiru. Na gode da ta farkon ma. Haushinta ne ya buɗe mini baki.

Wasiƙar nan ni na buga ta, kowane harafi. Tun safe nake yi. Gwaggonka tana bayana da zarenta. Ta san duk abin da zan ce. Ta jira.

Babanka Malam